Tarihin Gidan Gindin Tsamiya da Mutanen da Suka Zauna a Cikinsa

Jawabin da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiya ta gabatar ranar bikin cikarmu shekara goma. Mun buga shi kamar yadda ta rubuta ta kuma karanta.



Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Allah ya gafarta Malam Liman. Hajiya shugaba, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayena mata, yayyena da ƙannena 'yan ƙungiya, da mazajenmu da suka daure suka bar aikinsu suka zo, ina yi muku barka da zuwa.

Da Hajiya shugaba ta ce ni zan yi magana yau, sai da na ce mata ta sake shawara. Kun san ni, bakina a kasuwa yake da kaifi, wajen ciniki da masu sayen man gyaɗa. Tsayuwa gaban manya da takarda a hannu kuwa, yau ne farko. Takardar nan da hannuna na rubuta ta, dare goma sha ɗaya ina fama, malama ta bi ta gyara min inda na cinye wasula. Shekara biyar da suka wuce, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi ban sani ba. Saboda haka in kun ji na yi tuntuɓe a karatu, ku yi min haƙuri.

An ce in ba da tarihin ƙungiya. Na ce ai wannan kowa ya san shi, ga shi ma sakatariya ta karanto mana lissafi ɗazu. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne tarihin gidan nan da muke zaune a ƙofarsa. Yaranmu suna ce masa ofis. Sa'o'ina suna ce masa gidan ticha. Iyayenmu suna cewa gidan mai sikeli, tsofaffi 'yan kaɗan da suka rage kuma har gobe gidan maƙeri suke cewa. Duk sunayen nan gaskiya ne, kowanne da mutanensa. Kuma akwai shawara da ke gabanmu a kan gidan nan kafin ruwa ya sauka, ina so kowacce ta san abin da za ta ɗaga wa hannu.

Yadda na samo labarin: na ɗauki littafina na aji da biro, na bi tsofaffi uku, gwaggona, da Iya mai koko ta bayan masallaci, da Baba tsohon mai unguwa. Inda bakinsu ya zo ɗaya, shi na rubuta. Shekaru kuwa malama ce ta taimake ni, don tsofaffi ba sa cewa alif kaza. Sai dai su ce shekarar yunwa, ko shekarar canjin kuɗi.

To, wanda ya fara kafa gidan nan baƙo ne. Daga wajen Damagaram ya taho, shi da matarsa da goyo ɗaya, a lokacin yunwar da ake kira Kakalaba. Malama ta duba ta ce 1914 ke nan. Ruwa ya ƙi, hatsi ya ƙare a arewa, mutane suka yi ta gangarowa da ƙafa ta hanyar nan tamu da ta taso daga Daura ta nufi Kano. Bai zo da dami ba, bai zo da akuya ba. Abin da ke cikin kayansa shi ne zuga-zugi da masaba da awartaki da 'yar uwar maƙerarsa. A lokacin garin nan babu maƙeri, fartanya in ta karye sai an kai ta Ɗambatta. Shi ya sa mai garin wancan zamani ya riƙe shi, ya yanka masa fili a gindin tsamiyar nan. Yanzu gidan yana tsakiyar gari, amma a da nan ne bakin gari. An kai shi nesa ne da gangan, saboda wutar maƙera da jinka ba sa ga-maciji.

Kada ku ɗauka irin ginin nan ne da muke gani. Ɗakuna biyu ne zagayayyu na ƙasa da rufin jinka, da darnin kara, da rumbu ɗaya, sai rumfar maƙera a inuwar tsamiya. A nan ya yi wa kakanninmu fartanya da garma da lauje da magirbi. Masu share ƙofar gidan nan bayan an yi ruwa, kuna ganin wasu baƙaƙen duwatsu masu ƙuraje-ƙuraje suna fitowa daga ƙasa? Ba dutse ba ne, kashin maƙera ne. Ga guda na kawo, a miƙa a zagaya da shi, amma don Allah a dawo min da abina.

Tsofaffin nan uku duk sun kawo min sunan maƙerin, sun kawo na 'ya'yansa maza. Da na tambayi sunan matarsa sai aka yi shiru. Iya mai koko ta yi ta tunani har kokonta ya kusa kamawa, ta ce ita dai mai daddawa ta ji ana ce mata. Alhali kuwa da aikinta gidan ya rayu. A wancan zamani manomi ba ya biyan maƙeri da kuɗi nan take, sai kaka ta yi ya kawo masa dami. To daga wannan kaka zuwa waccan, me za a sa a miya, da me za a sayi gishiri da kanwa? Da daddawarta. Ta zo da sanin daddawar batso irin ta mutanen arewa, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, ta zo nan ta koyi ta kalwa, ta haɗa biyun tana sayarwa. Kuma ita ta tara matan gari suka yi daɓen ɗakunan, da tsakuwa da ruwan makuba, kowacce da maɗaɓinta. Waɗanda suke nan ranar da muka haƙa ramin kafa injin markaɗe za su tuna inda diga ta ƙi shiga, har muka ce siminti ne. Daɓenta ne, shekara ɗari da ɗoriya.

Bayan maƙeri ya rasu, 'ya'yansa suka ga ƙarfe ya fi samuwa a birni, ga na jirgi ga na mota, suka kwashi uwarsu suka koma Kano. Gida ya fita daga hannunsu.

Wanda ya saya shi ne kakana na wajen uwa, wanda ake ce wa mai sikeli. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi, kuma a zamanin kakana abin ya kai inda ya kai. Shi yaron wani babban mai sayen gyaɗa ne a birni. Kafin kaka ubangidansa zai aiko masa da kuɗi da buhuna, shi kuma ya kafa sikeli a daidai inda Hajiya shugaba take zaune yanzu. Manoma su kawo a kan jakuna, a auna, a ɗinke, mota ta zo ta kwasa zuwa Kano inda ake jera buhunan a yi dala da su. Zamanin fam da sule ke nan.

Da kuɗin gyaɗa ya cire darni ya ja katanga. Ya ɗauko magina daga birni suka yi masa zauren nan da soraye biyu a ciki. Ku ɗaga kai ku duba in kun shiga. Tubali ne aka mulmula da hannu aka shanya a rana, aka jera da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Itatuwan da ke riƙe da rufin azara ce, wato giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika samun yadda take so da ita ba. A waje kuma aka shafe da makuba don ruwa ya zame. Gwaggo ta ce ranar da aka gama zauren, har daga ƙauyukan maƙwabta an zo kallo.

Mata huɗu ne a gidan, kakata ce ta uku. Suna kulle, ko ƙofar zauren nan ba sa leƙowa sai da dare in za a je unguwa. Amma kada wata ta ce zaune suke. Gyaɗar da ta zube a gindin sikeli, da wadda aka ƙi saye don ta yi ƙanana, yara suke sharowa su kai ciki. Su soya, su murje, su daka, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli da tunkuzar, 'yan mata su fita talla. Suna da adashinsu da matan maƙwabta, yara ne 'yan aike, uwargida ce uwar adashi, kuma duk lissafin a ka yake. Kun ga sana'ar da muke tinƙaho da ita yau, har muna liƙa wa galan takarda mai sunan ƙungiya, a tsakar gidan nan aka daɗe ana yin ta. Inji ne kawai muka fi su.

Kowace bazara kuma akwai aikin gida. Maza su hau soro su toshe tsaga, su share indararo, su yi yaɓe. Mata su ja ruwan kwaɓa ƙasa daga rijiya tun asuba, su dafa abincin 'yan gayya, su sake shafen ɗakuna, su gyara daɓe inda ya fashe. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin damina ta same su ba a yi wannan ba.

Sai abubuwa suka juya. A 1973 aka canja kuɗi, naira da kwabo suka zo, kuma a shekarar aka yi farin nan da har yau ake labari. Mutane ba su gama farfaɗowa ba, a 1975 cutar da manoma ke ce wa kuturtar gyaɗa ta faɗa wa gonaki. Kakana ya riga ya karɓi kuɗin ubangidansa ya rarraba wa manoma a kan za su biya da gyaɗa. Gyaɗa ba ta zo ba. Manoma ba su da abin bayarwa, bashi ya zauna a wuyansa. Ya sayar da doki, ya sayar da keke, ya sayar da gona biyu. Bai daɗe ba ciwo ya kwantar da shi, Allah ya yi masa rasuwa.

Nan ne wajen da ya fi yi min wuyar rubutawa, sau uku ina yage takarda.

Da matan suka fita takaba, wata huɗu da kwana goma, babban ɗan gidan ya shigo da takarda da tawada. Ya ce takardar gado ce, kowacce ta dangwala. Suka dangwala su huɗu, ba wadda ta tambaya, don ba wadda za ta iya duba abin da ke ciki. Bayan sati uku suka ji maza a tsakar gida ana auna bango da igiya. Ashe takardar cinikin gida ce. An sayar wa wani Alhaji na cikin gari.

Ina so in yi wa kawun nan nawa adalci, don ba ya raye balle ya kare kansa. Malam Liman yana nan, in na yi kuskure ya gyara min. Kafin a raba gado, bashin mamaci ake fara biya. Matan aure kuma, in akwai 'ya'ya, tumuni ne rabonsu, kashi ɗaya cikin takwas, su huɗun su raba. Da bashin da ke kan kakana, ko da an zaunar da su an yi musu bayani, gidan nan sai an sayar da shi. Kawu ba shi da wata hanya. Jikokinsa 'yan'uwana ne, biyu daga ciki 'yan ƙungiyar nan ne, kuma sai da na karanta musu wannan wajen suka ce in faɗa.

Abin da kakata ta riƙe har ta koma ga Allah shi ne ba a gaya mata ba. Ba ta san nawa aka sayar ba, ba ta san nawa ne bashin ba, ba ta san ko wani abu ya yi saura ba. Yatsanta yana kan takardar, amma ita ba ta cikin maganar. Shekara ashirin tana jan ruwan yaɓen gidan, ta fita da kwallayenta da gadon ƙarfe da turmi ɗaya, ta koma gidan wanta. Daga ranar ba ta ƙara bi ta ƙofar gidan nan ba. Ina yarinya in na raka ta unguwa sai ta zagaya ta bayan masallaci, ni kuwa ina ta mita hanya ta yi nisa. Sai da na girma na gane dalili.

Alhajin da ya saya bai taɓa kwana a ciki ba. A 1976 gwamnati ta fito da shirin firamare kyauta ga kowane yaro, aka buɗe makarantar garin nan, aka turo malamai daga wurare daban-daban, shi kuma ya ba su haya. Da yawa sun zo sun wuce. Wanda ya fi daɗewa wani ne daga wajen Zariya, shi ne tichan da gidan ya ci sunansa. Matarsa ta yi makaranta, tana da keken ɗinki, ita ta fara ɗinka wa matan garin nan riga ba sai an kai Ɗambatta ba. Lokacin da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali, a 1980 kuma gwamnatinsa ta kafa hukumar ilimin manya a Kano. Sai matar ticha ta buɗe ajin mata a cikin soron nan, bayan azahar. Mijinta ya shafe gefen bango da siminti, suka baƙanta shi da baƙin cikin batir. Allon da malama take rubuta mana a kai yau, shi ne dai wannan.

Innata tana amarya a lokacin. Ta so shiga ajin, babana ya yarda, amma tana tsoron uwarta, don ta san yadda take ji da gidan. Ta yi sati biyu tana zuwa a ɓoye. Kun san garin nan, magana ba ta kwana. Kakata ta aika aka kira ta. Inna ta tafi tana jiran faɗa. Tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta ba ta kuɗin fensir da littafi, ta ce mata in dai za ta fito tana iya duba takarda, ta shiga ko gidan wane ne.

Wata biyu kawai Inna ta samu. Cikina ya yi mata nauyi, kafin ta yaye ni kuma an yi wa ticha canjin wurin aiki, aji ya watse. Abin da ta fita da shi sunanta ne kaɗai. Ta bi gindin kwanukanta duk ta rubuta shi da ƙusa, har yanzu akwai biyu a wurina. Ni kuma ina aji biyu na firamare ciwo ya kama babana, aka cire ni aka ɗora min farantin talla. Ba na ganin laifin kowa, abin da za a ci ake nema. Amma kun ga yadda abin ya bi jini: kakata ba ta samu ba, Inna ta samu wata biyu, ni na samu aji biyu.

Bayan malamai sun daina zama, gidan ya zama na kowa, ya zama ba na kowa ba. A daminar 1988, wadda aka yi ruwan da ya fasa madatsar Bagauda, soro ɗaya ya zube. Alhaji ya tsufa ya rasu, magada suna da yawa, wannan ya ce a sayar wancan ya ce a bari. Gidan ƙasa kuwa ba ya jiran a gama shawara. Shekara biyu babu yaɓe, ruwa zai fara cin gindin bango. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, sai yoyo. Awaki suka samu wurin kwana, katanga ta zube ta gefe biyu, mu da muke yara ana hana mu zuwa tsinkar tsamiya da magariba wai akwai mutanen ɓoye. Abin da ya ceci zauren da ɗaya soron, maƙwabcinmu ne yake ajiye harawa a ciki, to don harawarsa yakan hau ya toshe yoyo. Allah ya saka masa, bai san wa yake yi wa aiki ba. Sama da shekara ashirin gidan yana kango.

Iyali na huɗu kun san su, don uwarsu ga ta can a zaune. Ta ce in faɗa, amma kada in sa ta kuka a gaban mutane, saboda haka zan taƙaita. A 2014, lokacin da rikicin arewa maso gabas ya yi tsanani, Yayarmu ta Barno ta iso garin nan da yara huɗu, babu mijinta. Dagaci ya nemi izinin magada, suka ce ta zauna. Muka fito da bokitai da tsintsiya, samari suka kwaɓa ƙasa, cikin kwana huɗu soron ya zama wurin kwana. Baba tsohon mai unguwa ne ya tuna min cewa shekara ɗari cif ke nan tsakanin zuwanta da zuwan maƙeri, kuma dukansu a gindin tsamiya ɗaya aka sauke su.

Ita ma ba hannu sake ta zo ba. Ta iya ɗinkin hula, ta iya turaren wuta da humra irin na mutanensu, jari ne babu. Shekara na zagayowa muka haɗu mu goma sha biyu a ɗakinta muka ɗaura adashi, muka ce ita za ta yi kwasar farko. Adashin nan shi ne ya zama ƙungiyar da muke yi wa biki yau. Yanzu ta gina nata ɗakin a bayan makaranta, babbar 'yarta ce take rubuta mana rasit.

Shekara uku da suka wuce magada suka daidaita za su sayar. Wani ya taya zai rushe ya yi shaguna. Kun tuna abin da muka yi: ribar shekara biyu ba mu raba ba, sallah biyu wasunmu da tsohon zani suka yi. Ranar biyan kuɗi aka taru a zauren nan gaban Dagaci. Aka kawo takarda, aka ajiye mana tawadar dangwale a gabanmu, don an saba haka ake yi wa mata. Ina ganin tawadar nan gabana ya faɗi. Shekarata biyu a aji a lokacin. Na ce, ranka ya daɗe, a ba ni in karanta.

Wallahi gumi har cikin idona. Abin da mai ilimi zai karanta a minti biyu, na kusa rabin awa a kansa, ina bin layi da yatsa. Ba wanda ya katse ni. Da na kai wajen iyaka sai na ga an rubuta gida daga katanga zuwa katanga, ba a ambaci filin ƙofar gida da tsamiya ba, inda muke shanya gyaɗa. Na yi magana. Magada suka ce mantuwa ce, ai duk a cikin ciniki yake, nan take aka ƙara. Na yarda mantuwa ce. Amma bayan shekara talatin, in mu da su duk ba ma nan, wa zai tuna mantuwa ce? Muka tabbatar sunan ƙungiya ne a kai, ba na mutum ɗaya ba. Aka yi takarda uku, ɗaya wurin Dagaci, ɗaya wurin shugaba, ɗaya a akwatin ƙungiya. Ni da biro na sa hannu. Da na fito ban nufi gida ba, sai da na biya maƙabarta ta bakin hanya na yi wa kakata addu'a.

To, yanzu ga abin da ke gabanmu. Azara uku na zauren sun ruɓe daga kai, inda ruwa ya daɗe yana kwanciya. Bangon gabas, inda hadari yake bugowa, ruwa ya ci gindinsa har hannu yana shiga. Maginin da ya duba ya ce ba zai ɗauki alkawarin damina biyu ba. Baki ya rabu biyu a cikinmu. Wasu sun ce a rushe a yi na bulo da kwano a huta. Wasu sun ce a gyara.

Masu cewa a rushe suna da hujja, kada mu raina ta. Yaɓe duk shekara wahala ne da kashe kuɗi, maginan ƙasa sun yi ƙaranci, kuma baƙo in ya zo sayen kaya ginin bulo ya fi cika masa ido. Na ji wannan. Amma ni ga nawa ra'ayin, kuma ra'ayin mutum ɗaya ne. Ɗakin inji a yi shi da bulo, don girgizar inji tana tsaga bangon ƙasa, mun gani da idonmu. Zaure da soro kuwa a bar su. A canja azara ukun, a cike gindin bango, a yi yaɓe da makuba, a sa sabon indararo. Dalilina na farko na kasuwa ne. Duk wadda ta taɓa ajiye mai da ƙuli a ɗakin kwano da bazara ta san yadda zafi yake yi musu, a soron nan kuwa kayanmu suna daɗewa lafiya. Na biyu, ajinmu da rana tsaka ake yi, ku gwada zama ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ku ga ko baƙi zai shiga kai. Na uku, sakatariya ta liƙa lissafin aikin biyu a bangon zaure, na rushewa da na gyara. Ba zan faɗa muku ba. Ku je ku karanta da kanku, wadda ba ta kai nan ba tukuna ta kama hannun 'yar ajinsu su duba tare. Wahalar yaɓe kuma, an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata huɗu masu kulle sun riƙe gidan nan shekara da shekaru, mu da muka fi su yawa nesa ba kusa ba, rana ɗaya a shekara ba za ta gagare mu ba. Tsohon maginin ma ya ce in za mu ba shi samari biyu zai koya musu aikin.

Ranar Litinin mai zuwa, washegarin kasuwar Ɗambatta, bayan la'asar za a ɗaga hannu. Duk abin da rinjaye ya zaɓa zan bi, zan kuma ba da nawa kason. Roƙona kada wata ta zauna a gida ta ce duk abin da aka yi daidai ne.

Akwai ƙananan roƙo biyu. Na ɗaya, takardar cinikinmu tana da shaidu da hatimin Dagaci, amma ba mu kai ta ofishin filaye na ƙaramar hukuma an shigar da ita ba. A naɗa mutum uku su bi wannan kafin shekara ta fita. Na biyu, na sayo babban littafi mai bango mai ƙarfi, ga shi. Ina so a rubuta sunan duk macen da ta zauna a gidan nan wadda ake iya tunawa, da sunan kowace 'yar ƙungiya, da sana'arta, kuma kowacce da hannunta za ta rubuta nata. Shafin farko na bar layi ɗaya babu komai, na matar maƙeri ne. In akwai mai dangi a cikin maƙeran birni, a taya mu cigiya.

Waɗanda har yanzu suke jin kunyar shiga aji wai sun girma, an ce gemu ba ya hana ilimi, balle mu da ba mu da shi. Ana yi Asabar da Laraba, littafi da fensir ƙungiya ce take bayarwa. Masu 'ya'ya mata a makaranta kuma, in talla ta zama dole, a bari sai an taso.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu zama a gidan nan, maza da mata, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Malama, Allah ya saka da alheri, kin yi haƙuri da taurin kanmu. Wanda kashin maƙerana yake hannunsa, ina jira.